Digiri na Biyu ko Bakin Aiki? Darasin da Na Koya a Zauren Gidanmu

A gidanmu na Tafashiya, cikin ƙasar Kankiya, akwai mutum biyu da laƙabi ya danne wa suna. Na farko ni ne. Tun ranar da labari ya iso gida cewa na kammala digiri na uku, ba wanda ya ƙara kirana da sunan yanka, sai Dakta. Har yau in na je gida da Salla, ba na rasa tsohuwar da za ta aiko da jikanta in duba masa kumburin wuya, in yi ta bayanin cewa ni likitan harshe ne, harshen ma na magana, ba na cikin baki ba. Na biyu kuwa ɗan yayana ne. Shi tun ranar da ya sami gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya aka raɗa masa Injiniya, alhali ko ƙusa bai taɓa kafawa da sunan aiki ba. Labarin wannan yaro da shawarar da na ba shi cikin gaggawa nake so in ba ku, domin na san da yawa daga cikinku za ku koma garuruwanku ku zama 'yan bokon da ake tuntuɓa, kamar yadda aka tuntuɓe ni.

Wata Babbar Salla ce, bayan an idar da sallar isha'i, ƙanshin suya ya cika gida, sai Yaya ya aiko a kira ni zaure. Na tarar da shi zaune bisa buzunsa, Injiniya yana gefe a durƙushe, ga takardu biyu a kan tabarma an danne su da tocila. A lokacin yaron ya gama karatunsa na shekara biyar, ya kuma gama hidimar ƙasa. Bayan mun gaisa sai Yaya ya ce, "Dakta, ga ɗanka nan ya zo da magana biyu, ni kuwa karatuna bai wuce allo ba. Wannan takarda ta ce ya koma Zariya ya ƙaro karatu. Waccan kuma wani ɗan kwangila ne ke nemansa aiki, za su riƙa gina kwalbatoci da azuzuwa a ƙauyuka. In karatun ne, sai dai in kora shanun huɗa kasuwar Caranci, don ba ni da wani abin taɓawa. Kai ka san boko. Abin da ka ce shi za a yi."

Ko numfashi ban ja ba na ce ya koma makaranta. Na kawo hujjojina ɗaya bayan ɗaya: masu digiri na farko sun yi yawa, wanda ya ƙara da na biyu ya fi su daraja, kuma karatu tun da ƙuruciya ya fi shiga. Har karin magana na kawo, na ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. Yaya ya yi shiru yana jan carbi. Na san abin da shirun yake nufi. Bijiman nan biyu su ke huɗe gonar gida, su ake kai wa maƙwabta ƙodago a sami na taki, su ke jan amalanke da kaka. Fitar da su daidai yake da taɓa tuwon gidan na shekara guda ko biyu. Amma da yake ni na bi wannan hanya ta karatu bisa karatu har ta kai ni inda nake, sai na ɗauka ita ce hanyar kowa.

Can sai yaron ya ɗago kai ya ce, "Baffa, in an ba ni izini ina da tambaya. In na koma, a kan me zan yi binciken?" Na ce ai malamansa za su ba shi batu. Ya ce, "To, Baffa, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Shekara biyar na yi ina lissafin gada a takarda, amma sai a wata shidan nan na horon sanin makamar aiki na ga yadda ake zuba kankare. In na ƙara shekara biyu a haka, zan fito da takarda biyu da hannun da bai san aiki ba." Na rasa amsar da zan ba shi. Muka tashi a kan za a jinkirta maganar har in koma wurin aiki in yi tambaya.

Da na koma, sai na fara daga inda na fi ƙarfi, wato daga kalma. Mu Hausawa mun ari kalmar injiniya daga Turanci, muka kuma faɗaɗa ta har ta haɗa da mai gyaran janareta da mai haɗa wayar lantarki. Asalinta daga Latin ne, daga wata kalma mai nufin basira ko dabara. Larabawa kuwa muhandis suke cewa, daga handasa, ilmin awo da siffofi. Shi kuma reshen da 'yan jami'a ke kira sibil, ya sami sunansa ne a Ingila cikin ƙarni na 18, lokacin da wani gwani mai suna John Smeaton ya kira kansa injiniyan farar hula, don ya bambanta aikinsa da na injiniyoyin soja. A 1818 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a Landan. Ashe tun daga sunan an faɗi manufa: aiki ne na abubuwan da jama'a ke amfani da su kullum, wato hanya da gada da madatsar ruwa da magudana da ginin da mutane ke kwana a ƙarƙashinsa.

Daga nan na nemi abokai masu koyar da fannin, suka warware mini yadda karatun yake. Digiri na farko yakan ɗanɗana wa ɗalibi kowane reshe. Digiri na biyu kuwa tsuke hanya yake yi, mutum ya zaɓi reshe guda ya nutsa a ciki. Akwai masu nazarin ƙarfin gini, su ne ke lissafin nauyin da ginshiƙi ko gada za su iya ɗauka. Akwai masu nazarin ƙasa da harsashi, su ne ke tantance ko wuri zai riƙe abin da za a ɗora masa. Akwai masu hanyoyi da sufuri, da masu albarkatun ruwa da muhalli, da kuma masu nazarin kayan gini da tafiyar da kwangila. Karatun yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu: kashin farko darussa a aji, na biyu bincike da rubuta kundi. Yawancin jami'o'i suna neman wanda ya fita da daraja ta biyu, wanda kuma bai kai haka ba, ko mai babbar difloma ta kwalejin kimiyya da fasaha, yakan fara yin difloma ta gaba da digiri. Zariya ce uwa a wannan fanni a Arewa, domin ana koyar da injiniyanci a can tun kafin a kafa jami'ar a 1962, amma yau Jami'ar Bayero ta Kano da wasu da dama suna bayar da irin wannan karatu.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne da suka gaya mini cewa a idon doka, digiri ko na nawa ne ba shi ke mayar da mutum injiniya ba. Akwai majalisar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya, wadda aka fi sani da COREN, da aka kafa da Dokar Soja mai lamba 55 ta 1970, aka yi wa dokar gyara a 1992. Ita ke yi wa injiniya rajista ta ba shi hatimin da zai buga a kan zane ya ɗauki alhakinsa. Kafin ta yi haka sai mutum ya nuna shaidar aƙalla shekara huɗu yana aiki bayan digiri na farko, ya rubuta rahoton ayyukan da ya sa hannu a ciki, manyan sana'ar su yi masa tambayoyi. Haka ma Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1958, tana duba gogewa kafin ta karɓi mutum a matsayin cikakken ɗanta. Wato dai a wannan sana'a an yarda da maganar Bahaushe cewa sai an gwada akan san na ƙwarai.

Dalilin wannan tsanani ba ɓoyayye ba ne, kuma a nan fannina da nasa suka rabu. Ni in na yi kuskure a kundina game da karin sauti ko ginin jimla, kuskuren zai zauna a kan kanta a ɗakin karatu har wani ɗalibi ya zo ya gyara. Kuskuren injiniya kuwa a kan mutane yake faɗowa. A watan Agustan 1988 madatsar ruwa ta Bagauda a Jihar Kano ta ɓalle, ta yi ɓarnar rayuka da gidaje da gonaki. A watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilansa, amma duka suna nuna cewa lissafin wannan sana'a da duba aikinta magana ce ta rai da mutuwa.

Duk da wannan bayani da na samu, girman kai bai bar ni na janye shawarata ba. Yaron ne da kansa ya je ya roƙi mahaifinsa a bar shi ya fara aikin. Yaya ya kira ni a waya, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa mini, don kada in ga an raina maganata. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri, amma a zuciyata na ji haushi. Na ɗauka kuɗi ne ya ruɗe shi, kuma na riga na yanke cewa shi da makaranta sun yi sallama.

Bayan kamar shekara guda, ina kan hanyar zuwa gida, na ratse wurin da suke gina wasu azuzuwa a wani ƙauye ta wajen Kusada. Na same shi ya yi baƙi, ya rame, takalminsa duk siminti. Na zauna a inuwa ina sauraren maganar ma'aikata, kunnen sana'ata ya buɗe. Ba wata hukuma da ta zauna ta ƙirƙiro musu kalmomi, amma sun yi wa kansu: kankare, rodi, bulo, linta, fila, kwalbati, shebur, baro, kwanon sarki. Sun bi ƙa'idar Hausa tsaf, sun raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, sun musanya sautin da babu a harshenmu da mafi kusa da shi. Mu masana mun sami littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi tun 1990, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, su kuwa magina bakinsu ne ƙamusunsu.

Sai dai na lura cewa sunayen kaya kawai aka ara, dalilan aiki suna nan a Turancin littafi, kuma a nan ake samun matsala. Magini yana son ya tsinka kwaɓi da ruwa don ya yi saurin bin shebur, alhali yawan ruwa a kwaɓi shi ke raunana kankare. Bayan an zuba kuma yana so ya bar shi ya bushe a rana, alhali a lokacin ne yake bukatar ruwa, domin siminti haɗuwa yake yi da ruwa a hankali yana ƙara ƙarfi, shi ya sa sai ya kwana 28 ake auna ƙarfinsa na ƙa'ida. Yadda za a fahimtar da dattijon da ya shekara talatin yana gini wannan abu mai kama da tufka da warwara, ba a koyar da shi a aji. Na ji Injiniya yana ce wa shugaban maginan, "Baba, kankare ba bushewa yake yi ba, ƙosawa yake yi. Ruwa kaɗan a kwaɓi, ruwa da yawa a reno." Dattijon ya gyaɗa kai, ya juya ya maimaita wa yaransa. Na ce a raina, wannan jimla ta fi wasu muƙalu da na saurara a taron ƙara wa juna sani amfani.

Abin da ya juya rayuwarsa ya faru ne a shekararsa ta uku. An ba su aikin kwalbati a kan wani rafi da ke yanke hanyar burji tsakanin wasu ƙauyuka da bakin kwalta. Zanen daga wani ofis ya zo, kuma girma ɗaya aka rubuta wa kowace mahaɗa: bututu guda mai faɗin santimita 60. Suna cikin haƙa sai wani tsoho manomi ya tsaya ya dube su, ya ce, "Yaro, ramin ga ba ya ɗaukar ruwan wurin ga. Ka ga tsamiyar can? Shekarar da aka haifi babban ɗana har gindinta ruwa ya kai." Injiniya ya kai maganar gaba, aka ce masa zane zane ne, kuɗin da aka ware ke nan. Shi kuma ba shi da lissafin da zai kare maganar tsohon da shi, ba shi da hatimin da zai sa a saurare shi. Aka gina yadda aka zana. Cikin marka, dare ɗaya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da gari ya waye sai ga bututun a can ƙasa cikin yashi, hanya ta rabu biyu. Ba a yi asarar rai ba, amma makonni mutane suna zagaye mai nisa kafin su kai hatsi kasuwa ko mara lafiya asibiti. Abin da ya fi ci masa rai, mutanen wurin ba su san mai zane ba, shi suka sani, har suna kiran wurin kwalbatin Injiniya.

Ranar da ya zo wurina bayan wannan, ko zama bai gama yi ba ya ce, "Baffa, yanzu na sami tambayar." Ya ɗauki takarda ya nuna mini. Ruwan sama milimita ɗaya in ya sauka a kan hekta ɗaya, lita 10,000 ke nan. In aka yi milimita 50 a dare guda a kan hekta 100 da ke gangarowa rafi ɗaya, an sami lita miliyan 50, kwatankwacin jarka miliyan 2 mai cin lita 25. Wani kaso ƙasa za ta shanye, saura kuwa dole ya nemi hanya. A ƙasarmu kusan duk ruwan shekara tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, ƙasar kuma rairayi ce mai saurin zaizayewa, ga itatuwan da ke rage wa ruwa gudu suna ta ƙarewa. Mun ga abin da ruwan dare ɗaya ya yi a Jibiya a watan Yulin 2018, inda fiye da mutum 40 suka rasu. Ya ce ko bututu mai santimita 90 aka sa, bakinsa ya ninka na mai 60 fiye da sau biyu, amma kafin a ce 90 ko a ce bututu biyu ko a ce ƙaramar gada, sai an san yawan ruwan da ke zuwa. Irin wannan rafi kuwa ba wanda ya taɓa kafa masa ma'auni. Tambayarsa ita ce: yaya za a ƙiyasta ruwan ƙaramin rafin da ba shi da tarihin awo?

Da wannan tambaya ya koma Zariya, sashen injiniyancin albarkatun ruwa da muhalli, da kuɗin da ya tara da guminsa. Shanun Yaya ba su ga kasuwa ba. Abin da ban taɓa zato ba kuma, sai ga shi ya dawo neman taimakon fannina. Yana so ya haɗa lissafin kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam da shaidar tsofaffi, amma bai san yadda ake tambayar tsoho ba. Na koya masa abin da muke yi in mun fita tattara bayanan harshe. Kada ka tambayi dattijo shekara da lamba, ka ɗaure masa ita da abin da ba ya mantawa: kafin farin 1973 ne ko bayansa, kafin rasuwar Sarkin Katsina Usman Nagogo a 1981 ne, ko bayan an ba mu jiha a 1987? Kada ka tara su wuri ɗaya, don ƙarami ba ya musa wa babba, ka bi su ɗaya ɗaya sannan ka gwama. Kada ka sa masa amsa a baki. Sannan ka kasa kunne ga kalmar da ya zaɓa, domin Bahaushe bai haɗa yayyafi da mamako ba, bai haɗa ruwan da ya zo da ƙarfi ya ɗauke da wanda ya kwana yana zuba ba. Ya yi dariya ya ce ai waɗannan su ne abubuwa biyu da lissafinsa ke nema, ƙarfin ruwa da tsawon lokacinsa.

A can Zariya ya kuma gano cewa ba shi kaɗai ke komawa ga ilmin gida ba. Maginan Hausa sun daɗe suna amfani da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don kare bango daga ruwa. Da ƙasa da azara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, cikin ƙarni na 19, ginin da masana daga ƙasashen waje ke zuwa nazari. A zamaninmu kuma masana nazarin ƙasa na jami'ar, irin su Farfesa Kolawole Osinubi da ɗalibansa, sun yi bincike a kan yadda tokar ɓawon ɗorawa da ta ɓawon rake za su taimaka wajen ƙarfafa ƙasar da ake shimfiɗa hanya a kanta. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an kai ta ɗakin gwaji an san awonta.

To, wace ƙofa digiri na biyu ke buɗewa a wannan fanni? Ga wanda ke son koyarwa a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, shi ne matakin shiga, kuma ba zai yi nisa ba sai ya ƙara da na uku. Jiharmu kaɗai tana da Kwalejin Hassan Usman da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sufuri ta Daura da aka aza harsashinta a watan Disambar 2019. Ga wanda ke son aikin zane da ba da shawara, zurfin ilmi a reshe guda shi ke bambanta shi da saura. Akwai kuma ma'aikatun ayyuka da na ruwa, da hukumar gyaran hanyoyin tarayya da aka kafa a 2002, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima mai kula da madatsu irin su Zobe, wadda aka kammala a 1983. Manyan ayyuka kamar layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2021 ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya, suna bukatar masu nazarin ƙasa da gadoji da magudana, kuma bayan an gama gini sai an sami masu kula da shi. Amma ɗan kwangila a bakin aiki ba ya fara tambayar yawan takardunka. Abin da yake tambaya shi ne me ka taɓa ginawa, kuma kana da rajista?

Ta fuskar kuɗin karatu ma, wanda ya fara aiki yakan fi samun mafita. Asusun TETFund malaman manyan makarantun gwamnati yake ɗaukar nauyinsu, wato sai ka shiga aiki tukuna. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana sharɗanta gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu. Kuma wannan hanya ta aiki kafin ƙarin karatu ba sabuwa ba ce a Arewa. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, alal misali, ya fara aiki da hukumar ruwa ta WRECA a Kano a 1975, daga baya ya tafi Ingila ya yi digiri na biyu a kan injiniyancin ruwa a Jami'ar Loughborough.

Ba ina cewa shawarata ta farko ba ta da tushe ko kaɗan ba ne. Tsorona na gaskiya ne, domin na ga samari da yawa da suka ce bari su taɓa aiki su dawo, aure da hidimar iyali suka riƙe su har abada. Wanda ya fita da sakamako mai kyau, zuciyarsa tana ga koyarwa, ya kuma sami mai ɗaukar nauyinsa, babu laifi ya wuce kai tsaye. Haka ma 'ya mace da ta ga damar karatu a buɗe yau, ba ta da tabbacin gobe za ta same ta a buɗe. Kuskurena shi ne na ba da amsa kafin in yi tambaya, na auna sana'ar wani da mudun tawa, na kuma yi kyauta da shanun da ba nawa ba.

Saboda haka, ya ku malaman gobe, in an kira ku zaure irin wannan kira, kada nauyin laƙabi ya sa ku yanke hukunci nan take. Ku tambayi yaron abin da yake son ya sani wanda bai sani ba. Ku tambayi wanda zai biya, da abin da zai rabu da shi kafin ya biya. Ku nemi masu sana'ar ku ji ƙa'idarta, domin kowace sana'a da tsaninta. Ku kuma tuna cewa injiniya a gaban allonku yake farawa. Yaron da kuka fahimtar da shi awon faɗi da tsawo da harshen da yake ji, kuka fita da shi bayan aji ya auna filin makaranta da igiya, kuka bar shi ya yi tambaya ba ku daka masa tsawa ba, wataƙila shi ne zai lissafa rufin da jikokinku za su zauna a ƙarƙashinsa.

A Sallar da ta wuce mun sake zama a zauren nan. Injiniya ya gama digirinsa na biyu, ya sami rajista, yana aiki da wani kamfanin zane da ba da shawara. Ya fito da hatiminsa ya miƙa wa mahaifinsa. Yaya ya jujjuya shi a hasken tocila, na yi masa bayanin abin da yake nufi. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe duk shekarun nan da muke ce masa Injiniya bashi muka ba shi?" Na ce bashi ne, Yaya, ga shi kuwa ya biya. Sai ya juya ga ɗansa ya ce, "To, kwalbatin fa?" Yaron ya ce ya rubuta girman da ya dace, ya kai inda ya kamata, ana jiran a sa a kasafi. Yaya ya mayar masa da hatimin ya ce, "Ka dai riƙa bibiya, don damina ba ta jiran kasafi." Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da aka ba mu sani a kai, amin.